Shekara goma ina yawon ƙwallon kwando, Baba ya ce in dawo gona

Wasiƙar wannan makon daga Birnin Kebbi ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 28, sana'ata ƙwallon kwando. Tun ina ɗan shekara 18 na bar gida, kuma zuwa yanzu na buga wa ƙungiyoyi bakwai: biyar a nan Najeriya, ɗaya a Kwatano, ɗaya a Abijan. Babu inda na wuce kakar wasa biyu. Wasu sun sallame ni, wasu ni na tafi don an riƙe mana albashi, kuma yawanci da baki muke yin magana, ba takarda. Abin da na tara ko fili ba zai saya ba. Gwiwata ta dama tana kumbura bayan kowane wasa, sai na sha magani nake shiga fili. Yanzu wani ejan da muka haɗu ta WhatsApp ya ce ya samo mini ƙungiya a wata ƙasar Larabawa, wata shida, dala 1,500 a wata, amma sai na tura masa naira dubu 900 na biza da rajista kafin ƙarshen wata. Mahaifina yana da fadamar shinkafa a wajen Argungu, ƙarfinsa ya fara raguwa, ya ce mini: 'Wanga yawo ya isa hakanan, ka dawo gida.' Akwai kuma yarinyar da aka yi mana baiko shekara uku ke nan, iyayenta sun ce in ba a sa rana ba zuwa bayan babbar Sallah, za su ba wani. Abokan da muka taso tare duk sun zama magidanta, in na shigo gari sai a ce ɗan yawon ƙwallo ya dawo. Kunya nake ji. Amma in na bari ban iya komai ba, difilomar da na fara ma ban ƙarasa ba. Kawu, in sayar da babur ɗina in biya ejan, ko in haƙura da ƙwallo?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan fara da maganar ejan, tunda shi ne ya sa maka wa'adi. Kada ka sayar da babur ɗinka, kada kuma ka tura masa ko kwabo. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa daga wata ƙasa da gaske, ita ke aiko masa da takardar gayyata, ita ke yankar tikitin jirgi, ita ke nema masa izinin zama, ita kuma ke yi masa rajista a hukumar ƙwallon kwandon ƙasarta. Shi kuwa wakili, wato ejan, abin da aka saba shi ne ya samu kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwantiragi, kuma sai bayan an sa hannu. Duk wanda ya ce ka fara biyansa alhali ko takarda ba ka gani ba, to aljihunka yake nema. "Kafin ƙarshen wata" ɗin da ya ce maka ma, don kada ka samu sukunin tambayar kowa ne.

Ban ce ka zage shi ko ka toshe lambarsa ba. Gwada shi za ka yi, gwajin kuma ba ya cin kuɗi. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, tana ba wakilan 'yan wasa lasisi, sunayensu kuma suna nan a shafinta na intanet. Tambaye shi cikakken sunansa, ka duba ko yana ciki. Tambaye shi sunan ƙungiyar, da garinta, da rukunin da take bugawa, sannan ka nemi ƙungiyar da kanka ta shafinta ko ta hukumar ƙasar, ka bar lambar da shi zai ba ka, ka ji ko sun san da zuwanka. Bayan shekara goma a fili ba za ka rasa ɗan Najeriya ko ɗan Mali ko ɗan Senegal da ya taɓa bugawa a can ba. Kira shi ka tambaye shi ko ana biyan albashi a kan lokaci. Ka kuma ce wa ejan ya haɗa ka da kocin ta kiran bidiyo. Wakilin gaske ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, kullum ana yi masa su.

Akwai kuma takardar sallama. A dokar FIBA, ɗan wasa ba ya komawa wata ƙasa da wasa sai hukumar ƙasar da ya baro ta tabbatar babu kwantiragin da ke kansa, kuma sabuwar hukumar ce ke neman takardar daga tsohuwar. In mutumin nan bai taɓa tambayarka inda ka yi rajista ta ƙarshe ba, ko soma aikin da yake cewa yana yi bai yi ba.

Asarar naira dubu 900 ita ce mafi sauƙin abin da zai iya samunka. Wanda ya fi ta muni shi ne a ba ka biza ta gaske amma ta yawon buɗe ido, ka sauka, a ce ka yi gwajin mako biyu, ƙungiyar ta ce ba ta bukata, ejan ya kashe waya, bizar ta ƙare kana can babu tikitin dawowa. Haka aka sha yi wa yaran Afirka ta Yamma 'yan ƙwallon ƙafa, hanyar kuma ɗaya ce. Ko ina ka je, fasfonka ya zauna a hannunka. Kada ka miƙa wa shugaban ƙungiya ko wakili da sunan zai ajiye maka.

To a ce ka bincika, ƙungiyar tana nan, tana kuma son ka da gaske, ko wata ce daban ta neme ka gobe. Daga yau maganar baki ta ƙare. Kwantiragi ya faɗi nawa ne zai shigo hannunka bayan an cire haraji, da ranar biya a kowane wata, da wanda zai ɗauki nauyin gida da abinci da tikitin zuwa da na dawowa. Ya faɗi abin da zai faru in ka ji rauni a fili: wa zai biya asibiti, albashi kuma zai ci gaba ko zai tsaya. Ya faɗi cewa in jinkirin albashi ya kai kwana kaza kana da ikon tafiya da takardar sallamarka, kuɗinka kuma na nan bashi a kansu. Ka duba ko akwai layin da ya ba su damar sallamarka duk ranar da suka ga dama, domin in ƙungiya ta fara shan kashi, baƙon ɗan wasa ake fara sallama. Sannan ka nemi a sa sharaɗin BAT. Kotun sulhu ce da FIBA ta kafa, ta fara aiki a 2007, mazauninta Geneva, aikinta raba rigimar kuɗi tsakanin 'yan wasa da wakilai da ƙungiyoyi. Ƙungiyar da ta ƙi bin hukuncinta, FIBA na iya hana ta ɗauko sabbin 'yan wasa daga waje. Amma kotun ba ta shiga magana sai ɓangarorin biyu sun amince da ita a rubuce. Shigar da ƙara a can yana cin kuɗi, kuma a kan ƙaramin albashi ba lallai ne ya biya wahala ba. Amfaninsa a gare ka shi ne, ƙungiyar da ta ga sharaɗin ta yarda ta sa hannu ta nuna tana da niyyar biya, wadda kuma ta ce a goge shi ta gaya maka halinta tun kana gida. In takardar da Larabci ko Faransanci aka rubuta ta, a karanta maka ita layi bayan layi kafin alƙalami ya taɓa ta.

Gwiwarka ta fi damuna fiye da ejan. Gwiwa ba ta kumbura haka kawai. Ruwa ne ke taruwa a ciki saboda wani abu ya taɓu, sau da yawa guringuntsi ko ɗaya daga jijiyoyin da ke riƙe gaɓar. In tana sarƙewa ta ƙi miƙewa, ko tana zamewa lokacin da ka juya ko ka diro daga tsalle, to abin ya wuce gajiya. Hoton ƙashi da aka saba ɗauka ƙashi kawai yake nunawa. Jijiya da guringuntsi sai hoton MRI, wato na na'urar da ke nuna naman cikin jiki. Ka ga likitan ƙashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko ka daure ka je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Na san mu nan in ƙafa ta samu matsala Aliero muke fara tunawa, masu ɗori kuma sun yi suna a kan karaya. Amma jijiyar da ta tsinke a can cikin gwiwa ba ta ɗoruwa. In babbar jijiyar tsakiya ce har aka yi aiki, ɗan wasa kan ɗauki wata tara zuwa shekara guda kafin ya koma fili. In kuwa ƙaramin abu ne, hutu da motsa jiki a hannun masani na iya ƙara maka shekaru a wasa. Kowanne ne, gara ka sani yanzu.

Ba ka faɗa mini wane magani kake sha ba. In irin su diclofenac ne, yawan shansu na jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda, balle ga mai zubar da gumi a zafin garinmu. In kuwa tramadol ne, ina roƙonka da Allah ka nemi likita ya taimake ka ka rabu da shi. Yana kama mutum, sannan tun watan Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa, in aka gwada ka aka same shi dakatarwa ce. Maganin ciwo ba ya warkar da gwiwa, hana ka jin ɓarnar da kake yi mata kawai yake yi. Ka kuma sani cewa ƙungiyar kirki takan duba lafiyar ɗan wasa da zarar ya sauka, wanda bai tsallake ba a soke kwantiraginsa. Saboda haka in za ka kashe kuɗi a wannan watan, a kan hoton gwiwa za ka kashe.

Sai maganar kunya, kuma a nan ina so ka saurare ni da kyau. Irin rayuwar da kake yi ita ce rayuwar mafi yawan masu cin abinci da ƙwallon kwando a duniya. NBA ta Amurka da kowa ke kallo ƙungiyoyi 30 gare ta, kowace da gurbin 'yan wasa 15, wato mutum 450 ke nan, ban da 'yan ƙalilan masu kai da komo tsakaninta da ƙaramar gasarta. Sauran dubbai suna Turai da Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, kuma kwantiragin kaka ɗaya shi ne abin da aka fi sani. A cikin NBA ɗin ma akwai kwantiragin kwana 10. Akwai wani Ba'amurke, Ish Smith, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2010. Ya shiga ta ƙaramar ƙofa, aka yi ta musayarsa ana sallamarsa, har ya buga wa ƙungiyoyi 13, adadin da babu wanda ya kai kafin shi. A ta goma sha ukun, Denver, ya ci kofi a 2023. Ga kuma namu, Ike Diogu. Shi na tara aka zaɓa a 2005, aka ɗora masa babban buri, amma bai samu wurin zama ba: ƙungiyoyi shida a NBA, daga nan Sin, da Puerto Rico, da Japan. Wannan mai yawon shi ne aka ba kyautar gwarzon ɗan wasa a gasar Afirka ta 2017, sanye da rigar Najeriya.

Koci bakwai sun dube ka sun ga abin da za su biya kuɗi a kai. Wanda bai iya ba, ƙungiya ɗaya ko biyu yake gani ya koma gida. Wani ɓangare na yawon naka kuma ba kai ka jawo shi ba. Shekarun ƙarfinka sun faɗo daidai lokacin da hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya ta rabu gida biyu, tun zaɓen 2017, gasar cikin gida ta yi ta tsayawa tana tashi. A watan Mayun 2022 har gwamnatin tarayya ta sanar da janye ƙasar daga gasannin duniya na shekara biyu. An janye matakin a watan Yuni, amma kafin nan 'yan matanmu na D'Tigress sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta Ostireliya, aka ba Mali. In waɗanda suka ci kofin Afirka sau uku a jere a lokacin sun ga haka, ina ga ɗan wasan gida da ke jiran albashin wata?

Amma ba zan lallashe ka da abin da ba gaskiya ba. A shekara 28, da gwiwa mai kumburi, ƙofar NBA ta rufe, manyan gasannin Turai ma da wuya. Abin da ya rage a gabanka, in gwiwa ta yarda, 'yan kakanni ne, wataƙila uku ko huɗu masu kyau. Mafi girman abin da za ka iya hange shi ne gasar BAL, wadda NBA da FIBA suka haɗu suka kafa, aka fara ta a Kigali a 2021 da ƙungiyoyi 12. Rivers Hoopers ce ta wakilci Najeriya a karon farko, Kwara Falcons ta je a 2023, Hoopers kuma ta zo ta uku a 2024. Galibi zakaran gasar gida ne ke samun wannan dama, kuma ana nuna wasannin a ƙasashe da yawa. Ke nan gurbi a ƙungiya mai ƙarfi a nan gida na iya fito da kai fiye da wata ƙungiyar ƙaramin rukuni a ƙasar da babu mai ɗaukar hoton wasanta. Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne shekara goma sun wuce babu abin da aka ajiye, babu abin da aka rubuta. Wannan ne za ka gyara a kakannin da suka rage.

Mu mutanen ƙasar Kabi ba baƙin tafiya ba ne. Ɗan ci-rani yakan fita bayan an kai amfani rumbu, ya yi wata biyar ko shida a Legas ko Kano, ruwa na sauka ya dawo da abin da ya samo. Babu mai yi masa dariya a majalisa, saboda an san ranar dawowarsa, an kuma ga abin da ya shigo da shi gida. Yawancin gasannin Turai da na ƙasashen Larabawa daga wajen Oktoba suke farawa su ƙare a wajen Mayu, wato kakar wasa da rani suke tafiya, damina kuma taka ce. Ina zaton mahaifinka ba ƙwallon yake ƙi ba. Abin da ya gani shi ne tafiya babu ranar dawowa, babu kuma abin nunawa, ga shi ƙarfinsa yana ƙarewa. Uban da ya yi shekara goma yana kallo bai hana ka ba, ba mai tsanani ba ne.

Wannan magana ba ta waya ba ce. Ka je Argungu, ka kwana, ka bi shi fadama ka ga halin da gonar ke ciki da idonka. Ka ɗauki baffanka ko wani amininsa da yake jin nauyi, ku zauna bayan sallar isha. Ka faɗa masa gaskiyar abin da ka samu da wanda aka cinye maka, kada ka ƙara ko ka rage. Sannan ka roƙe shi kaka biyu, da sharaɗi a kanka: ba za ka sake zuwa ko'ina babu takarda ba, kowace damina kana gida kana gona, kuma rabin duk abin da ya shigo hannunka gida zai zo. Na san noman rani shi ne ƙarfin shinkafar fadama, kuma lokacin ne ba ka nan. To kuɗinka ya tsaya a madadinka: man injin ban ruwa, da taki, da ladan 'yan ƙwadago lokacin dashe da yanka, da wani ɗan'uwa amintacce da zai riƙa tsayawa a kansu don Baba ya huta. Babur ɗin da kake son sayarwa ma, in ka ba yaro mai amana ya yi kabu-kabu da shi, yana iya riƙe cefanen gida duk lokacin da kake can.

Ba ka ce mini ko kana da 'yan'uwa maza a gida ba. In kai kaɗai ne, jikinsa kuma ya kai inda ba zai iya ba, ya saurare ka ya ce a'a, to ka dawo, ɗana. Haƙƙinsa ya fi kaka biyu nauyi, kuma ina faɗin haka ne ina sane da abin da za ka bari.

Maganar yarinya ba ta jiran kaka biyu. Shekara uku da baiko ba ƙaramin haƙuri ba ne, iyayenta kuma ba su yi laifi ba da suka sa wa'adi. 'Yarsu ce, shekarunta suke gani suna tafiya, mutane kuma suna tambayarsu. Abu ɗaya ne ba ka da ikon yi, shi ne ka ce ta ƙara jira har sai ka dawo daga waje. Ka zauna da ita ka gaya mata yadda rayuwar take: wata shida kana nan, wata shida ba ka nan, albashi wani lokacin ya zo wani lokacin ya makara, nan da 'yan shekaru kuma noma ne ko koyarwa. Ka tambaye ta ko za ta iya, da inda za ta zauna in ka tafi, ka bar ta ta yi shawara da mahaifiyarta. In ta amince, ka tura magabatanka tun kafin Sallah a sa rana, a yi biki daidai ƙarfi, sadaki da lefen da ba za su jefa ka bashi ba. In ka duba ka ga ba ka da halin riƙe ta a wannan shekarar, ka tura su dai, su je su ba da haƙuri cikin mutunci a sake ta. Zai yi maka ciwo, amma ya fi a ɗaure 'yar mutane da alkawarin da ba a san ranar cikarsa ba.

Ka ce ba ka iya komai ba in ka bar ƙwallo. Ban yarda ba. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara wasa. Ya yi wajen shekara shida yana bugawa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, bai taɓa zama tauraro ba. Da ya daina a 2002, sai ya fara nemo wa ƙungiyar Orlando Magic ta NBA 'yan wasa ba a biyansa ko sisi, yana yawo da kuɗinsa. Daga nan Denver ta ɗauke shi aiki, ya zama babban manajanta a 2010, aka zaɓe shi gwarzon manaja na NBA a 2013, kuma shi ke jan ragamar Toronto lokacin da ta ci kofi a 2019. Ban kawo shi don in ce za ka zama shi ba. Na kawo shi ne don ka ga abin da ya sayar: idon da ke gane yaro mai baiwa, da mutanen da ya sani a ƙasashen da ya zaga. Duka biyun a yawo ya same su. Kai ma ka zauna a ƙarƙashin koci bakwai, ka ga wanda ya iya da wanda bai iya ba. Ka san wanda za ka kira a Kwatano da Abijan. In ka tsinci Faransanci a can, ka riƙe shi da kyau, domin jiharmu tana iyaka da Nijar da Benin, kuma mai jin Faransanci ba ya rasa amfani a kasuwar Kamba.

Sai dai ilimin da ke kai ba ya samo aiki in babu takarda. Ka koma makarantar da ka fara difiloma ka tambayi yadda za ka ƙarasa, ko da za a sake wasu darussa. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana ba da horon koci da shaidar kammalawa. Ka tambayi lokacin da ake ɗaukar ɗalibai. Alƙalancin wasa ma hanya ce, gwiwa kuma ba ta shan wahala a cikinta kamar ta ɗan wasa. Kada ka jira sai ranar da ka daina. Daminar nan, ka nemi duk filin da ke da kwando a Birnin Kebbi ka tara yara da yamma, maza da rana tasu, mata da rana tasu in iyaye sun yarda. Ka shiga makarantun sakandare ka gabatar da kanka ga shugabanninsu. Yaran da ke da tsawo suna nan a Jega da Yawuri da Zuru, ba su taɓa samun wanda zai nuna musu yadda ake riƙe ƙwallo ba, kuma ba a cika samun ɗan jiha da ya yi shekara goma yana cin abinci da ita ba.

In hoton ya nuna sai an yi aiki, ka ɗauki wannan shekarar a matsayin ta gida: a yi aikin, a ɗaura aure, ka koma makaranta, ka zauna kusa da Baba, maganar komawa fili kuma sai likita ya ce ƙafa ta yi ƙwari. In ya nuna abu ne mai sauƙi, ka huta yadda aka ce, ka haɗa bidiyon wasanninka cikakku guda biyu ko uku, ka aika wa wakilai masu lasisi da kociyoyin da suka san ka. Da zarar sakamakon ya fito ka sake rubuto mini, ka haɗo da amsar da ejan ya ba ka a kan lasisinsa. Ka gaishe mini da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya.